Ranar da Falalu Ya Wuce Shumaisi

Duk wanda ya zauna a unguwar Misfala ta Makka ya san Falalu direban wanki, in bai san sunansa ba to ya san tafiyarsa. Gajeren mutum ne mai farin gemu, kullum cikin sauri, sallaya a kafaɗa, takalma a leda tun bai kai ƙofar Harami ba. Ka gaishe shi a hanya, da hannu zai amsa, bakin yana can yana wuridi. A Makka aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya taso da ƙafa daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, ya shekara bakwai a hanya, ya yi noman auduga a Sudan ya ƙara gaba, har Allah ya nuna masa Ɗakinsa mai alfarma, ya ce to daga nan kuma sai kabari. Falalu ya gaji wannan magana kamar yadda wasu ke gadon gona. Shekarunsa sittin da ɗaya, kuma yakan faɗa yana shafa gemu cewa kwanakin da ya yi a wajen iyakar Harami ba su cika yatsun hannu biyu ba, su ma ziyarar Madina ce. Tsoronsa ɗaya a duniya, kada ajali ya riske shi a waje.

Ga yadda aikinsa yake. Masaukan baƙi na Misfala da Kudai suna tara zannuwan gado da tawul masu dauɗa, wani kamfanin wanki da ke Jidda ya wanke ya goge ya dawo da su. Falalu yakan bi masaukan bayan asuba ya cika mota, ya kama hanyar Jidda, amma ba ya kaiwa Jidda. A Shumaisi, daf da bayan shingen da wanda ba Musulmi ba yake tsayawa, akwai wani gidan mai a gefen hanya. A nan direban ɓangaren Jidda ke jiransa da motar wankakku. Su yi musayar makulli, kowa ya juya inda ya fito. Ɗaya ba shi da ikon wuce shingen, ɗayan ba ya son yin nisa da shi, mai kamfanin ya ga abin ya zo masa daidai ya bar su a haka shekara goma sha ɗaya.

Direban Jiddan sunansa Linus, mutumin Shandam ne a Jihar Filato, ɗan Katolika, mahaifinsa katikis ne mai koyar da addini a cocin ƙauyensu. Dogo ne mai dariya da kafaɗu. Ranar da suka fara haɗuwa Falalu ya zuba masa Larabci, sai ya ji an ce, “Sannu da zuwa, Baba, ya hanya?” Saura kaɗan makulli ya faɗi daga hannunsa. Tun daga ranar tare suke karyawa a inuwar mota, Falalu ya kawo burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, daga Misfala, Linus ya kawo shayi da yajin da matarsa ke aiko masa. Falalu ya raɗa masa Abu Rita, da sunan babbar 'yarsa, kamar yadda ake yi a nan. Sau biyu ya kira shi zuwa Musulunci, sau biyu Linus ya yi godiya ya ce shi ma yana sa shi a addu'a. Daga nan suka bar wa Allah, suka ci gaba da cin ful.

Abu ɗaya ne ke ba Falalu haushi, wayar Linus. Kullum ƙarfe takwas da rabi sai ta yi ƙara, matarsa Filomina ce tana hanyar coci a can Shandam, inda gari bai daɗe da wayewa ba. Me ake faɗa? Akuya ta haihu. An yi ruwa jiya. Me ka ci, ka sha maganinka? Linus ya karkace baki yana washe haƙora, shayi yana hucewa.

“Ya shaihu,” in ji Falalu wata rana, “shekara ashirin da huɗu da aure, har yanzu maganar ba ta ƙare ba?”

“Ko rabi ba mu yi ba, Baba.”

Falalu ya yi tsaki. Shi ma ai yana da mata. Mairama, 'yar unguwar Shisha, iyayenta mutanen Maraɗi, shekara talatin da shida suna tare. Sau ɗaya ya gan ta kafin aure, ta shigo da tiren shayi ta fita, ko kofin bai iya ɗagawa ba. Kuma a faɗi gaskiya, bai taɓa zaginta ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, tukunyarta ba ta taɓa kwana a kife ba. Shi ake kira ya yi wa ango nasiha in an ɗaura aure a unguwa. Ka ji shi yana zubawa: aure rabin addini, miji da mata tufafin juna ne, ka tausaya mata, ka saurare ta. Mutane suna ta Masha Allah. Amma a gidansa fa? “Akwai shayi?” “An goge jallabiyar?” Hirar shekara talatin da shida ke nan. Ya dawo aiki da azahar ya kwanta, la'asar ta yi ya saɓi sallaya, ba zai dawo ba sai bayan isha, don in ya tashi wani zai zauna masa a wurinsa na sahun gaba.

'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Wafa, tana aure a Jidda da wani yaron kirki, Nawaf. A watan Rajab ta haihu, Mairama ta tafi wankan jego da nufin kwana arba'in. Arba'in ya cika. Azumi ya zo ya wuce, aka yi Sallah, aka yi aikin Hajji baƙi suka watse. Ba faɗa aka yi ba, ba yaji ba ne. Ta dai tafi ba ta dawo ba, shi kuma bai ce ta dawo ba.

In an tambaye shi a ƙofar masallacin unguwa sai ya buɗe hannu. “Ni da ke da Ɗakin Allah a ƙofar gida? Sallah ɗaya ladan dubu ɗari, ga zamzam, ga ɗawafi. Me kuma na rasa? Ta huta abinta.” Ƙarya yake yi, wallahi tallahi ƙarya yake yi. Kewa ce ke cinsa. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Jallabiyarsa ta Juma'a ta samu tambarin dutsen guga a baya, shi kaɗai ne bai sani ba. Yakan kunna talabijin ya bar ta tana surutu ya shiga wani ɗaki, don dai a ji motsi a gidan. Sai kuma ya ɓullo da wata dabara. Ya kira Wafa ya ce, “Tambayi uwarki ina ta ajiye ludayi.” Gobe allura, jibi murfin tukunya. Wani lokaci abin yana hannunsa yake tambaya. So yake ya jiyo muryar Mairama daga nesa tana cewa a duba bayan gwangwanin shinkafa, sai ya ce to, ya kashe waya ya zauna.

Wata Litinin Wafa ce ta kira da kanta. Hausarta irin ta 'ya'yan nan ce, kalma biyu sai Larabci ya shigo.

“Abuya, an canja wa Nawaf wurin aiki, Dammam. Alhamis bayan la'asar jirginmu zai tashi. Ummi ta ce za ta bi mu.”

“Ta bi ku? Har zuwa yaushe?”

“Ba ta faɗa ba.”

“Ba ta wayar.”

Ya ji an toshe bakin waya, ya ji ƙus-ƙus. Wafa ta dawo. “Ta ce ba maganar waya ba ce. Ta ce Jidda ba a bayan duniya take ba.”

Dammam! Can gabas, bakin wancan tekun. Falalu ya san in Mairama ta hau jirgin nan, shi ke nan, sai dai a riƙa gaisawa da Sallah. Duk da haka ya yi Talata bai ce wa kowa uffan ba. Ranar Laraba a gidan mai ya yagi tamis ya riƙe a hannu har ya bushe, Linus yana kallonsa. Da ƙyar, kamar ana zare masa haƙori, ya faɗi abin da ke nan. Kuma bai bari an ba shi amsa ba ya shiga kare kansa. Ai ta san hanyar gida. Makulli yana jakarta. Ba shi ya kore ta ba. In ya tafi Jidda ajali ya same shi a can, wa gari ya waya? Kuma mutumin da Allah ya ajiye a maƙwabtan Ɗakinsa ai ba ya cewa kaɗaici ya dame shi, butulci ne.

Linus ya kurɓi shayi. “Baba, in faɗi wata magana ta wajenmu? Ba don gardama ba.”

“Faɗi. Bakinka ne.”

“Babana shi ke koyar da masu shirin aure, a gindin mangwaro bayan coci. Yakan ce musu, da Allah ya yi rana ya duba ya ga ta yi kyau. Ya yi teku, ya yi tsirrai, ya yi dabbobi, kowanne ya yi kyau. Abu na farko da ya duba ya ce bai yi ba, shi ne da ya ga Adamu zaune shi kaɗai. Kuma a ina yake zaune? A cikin Aljanna, Baba. Ba yunwa, ba ciwo, ba zunubi ko ɗaya, ba wanda ya kai shi kusanci da Ubangijinsa. Aka jero masa dabbobi ya raɗa wa kowacce suna, ya duba ya duba, babu wadda zai ce wa kin ji sanyin yau kuwa. Shi bai ma san abin da ke damunsa ba. Allah ne ya gani, ya yi masa Hawwa'u daga haƙarƙarinsa. Shi ya sa a wajenmu ake cewa aure ba dabarar mutane ba ce, tsarin Allah ne, kuma abin da ya haɗa ba a yarda mutum ya raba ba. Babana yakan ƙara da cewa har da mijin kansa, kuma ba sai da saki ake rabawa ba, shiru ma yana yi.”

Wanzami ba ya son jarfa. Falalu ya zaburo. “Kai za ka koya mini Annabi Adamu? Mu ma muna da wannan! Ni nake faɗa wa angwaye!”

“Na sani. Ai a bakinka na ji cewa a Jidda aka sauke Hawwa'u, shi kuma ya taso daga wata uwa duniya yana nemanta.”

“Shekara da shekaru yana tafiya,” in ji Falalu, don ba ya iya barin a faɗi tarihi ba daidai ba.

“To kai awa ɗaya ce.” Linus bai yi dariya ba wannan karon. Ya juya kofin a hannunsa. “Tawa tana Shandam. Sau ɗaya nake ganinta a shekara biyu. Bara ta yi zazzaɓi kwana tara, ina nan ina jigilar tawul ɗin mutane. Da a ce awa ɗaya ce tsakanina da ita, Baba, da ƙafa zan tafi.”

Falalu ya fizgi makulli ya hau mota, yana gunaguni wai yaran zamani ba su da ta ido. Yaron nan kuwa shekararsa hamsin da biyu.

Da la'asar ya samu wurinsa a sahun gaba. Bayan sallama ya ɗaga hannu yana roƙon Allah ya karkato da zuciyar Mairama ta fasa tafiyar nan. Yana cikin roƙon sai kunya ta kama shi. Wato shi Falalu yana aiken Ubangijin talikai da saƙon da motocin haya ke kaiwa Jidda daga Kudai duk bayan minti goma. Ya shafa addu'ar da sauri, ya sunkuyar da kai.

Alhamis da safe Linus ya ga motar dauɗa ta tsaya da mutum biyu a gaba. Falalu ya zo da wani abokin aikinsu, Abdulilah, wanda zai koma Makka da wankakkun. Shi kuwa ya sauko cikin sabuwar jallabiya fara ƙal, ya sha turaren oud har warin mai ya ɓace a wurin. Ga jirgin ƙasa, ga motocin haya, amma mutumin nan ya zaɓi ya je biko a kan tulin zannuwa masu dauɗa, wai don in wani ɗan Misfala ya hango shi ya ɗauka aiki ne.

“Yalla, mu tafi, Abu Rita. Kada ka ce komai.”

Linus ya danne dariya, kafaɗunsa ne kawai ke rawa. Suka hau hanya. Falalu ya ƙanƙame hannun ƙofa yana kalmar shahada, duk motar da ta wuce su sai ya runtse ido, shi da ya shekara arba'in yana tuƙi. Can ya ce, “In wani abu ya same ni, ka juya da ni nan take, ka ji ko?”

“Iyakata shinge, Baba. Sai dai in jingine ka a jikinsa in buga wa Abdulilah waya.”

“Allah ya shirye ka.”

“Amin, mu duka.”

Kafin azahar Linus ya sauke shi a ƙofar benen su Wafa. Gidan ya zama fili, an kwashe komai, sai akwatuna jere a bakin ƙofa, cikinsu har da koren akwatin Mairama. Wafa ta buɗe ƙofa ta dafe ƙirji. “Abuya! A Jidda?” Nawaf ya zo ya sumbaci kansa, ya ga yadda fuskar surukin take, sai ya tuna yana da abin yi a ɗaki. Mairama tana zaune a kan kujera ɗaya tilo da ta rage, jaririya a cinyarta, na'urar sanyi tana busa a kanta. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

“Sannu da zuwa, Malam. Ka rame.”

Ya gyara murya, ya haɗa hannu a baya. “Hajiya, malamai sun bayyana cewa zaman aure…”

“Malam, ba ɗaurin aure aka zo ba.”

Ya tsaya. Duk jawabin da ya tsara a hanya ya bi iska. Ya nemi wurin zama bai samu ba, sai ya zauna a ƙasa a gabanta, sabuwar jallabiya da komai.

“Gidan ya yi shiru,” ya ce. “Ba na iya cin abinci. Kewarki nake ji, Mairama. Kada ki tafi Dammam.”

Rabon da ya kira sunanta tun kafin a haifi Wafa. Ta miƙa wa Wafa jaririyar, ta gyara mayafi. Ba ta yi murmushi ba.

“Bari in gaya maka wani abu. Shekara uku da suka wuce, wata Talata, kana fita la'asar na shiga banɗaki santsi ya kwashe ni. Na faɗi a kan ƙuguna, na kasa tashi. Na kira, ba kowa. Waya tana ɗaki. Ina kwance a kan tayil na ji kiran magariba, ina kwance na ji an tayar. Da jan ciki na fito. A zaune na dafa maka shinkafa. Ka dawo bayan isha ka ci, ka ce gishiri ya yi kaɗan, ka kwanta.”

Ta gyara zama ta ci gaba.

“Ban ce ka bar sallah ba, Allah ya kiyaye. Amma na ji tsoro, Malam. Na ga zan iya mutuwa a bayan ƙofar nan ba wanda ya sani, sai cikinka ya tambaye ni. A nan in na yi tari, sai wani ya leƙo ya ce lafiya. Abin da ya zaunar da ni ke nan, ba fushi ba.”

“Me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

“Ka tambaya?”

Wafa ta juya fuska jikin bango tana jijjiga 'yarta. Falalu ya ji abin ya soke shi har ƙahon zuci. Hawaye ya biyo gemun, bai share ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafunta, sun ɗan kumbura, bai san tun yaushe ba.

“Ina ne wurin?” ya ce a hankali.

Ta ɗora hannu a ƙugunta na hagu. “Nan.”

“Yana ciwo har yanzu?”

“In sanyin na'ura ya yi yawa.”

Sai ya miƙe, gwiwoyi suna ƙara, ya bi bango yana laluben makunni har ya samu, ya kashe na'urar. A Jidda, da tsakar rana, a watan da ko ƙadangare ke neman inuwa! Kafin minti biyar kowa ya jiƙe. Nawaf ya leƙo yana fifita da tikitin jirgi, ya ga surukinsa tsaye a gaban makunnin ya tsare shi, ya koma ɗaki.

Mairama ta share gumi da bakin mayafi. Ta daɗe tana kallon mijinta.

“Malam, kashe mu za ka yi? Ragewa ake yi, ba kashewa ba.”

“Nuna mini yadda ake ragewa.”

Ta yunƙura za ta tashi, ya miƙa mata hannu, ta dube shi kafin ta kama. Da ta tsaya da ƙafafunta ba ta saki ba.

“Wafa,” ta ce, “cire koren akwatin nan daga cikin kayanku.”